Kafin a Sake Yi wa Kwamfutarki Fomatin

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon buga takardu da fotokwafi a Bauchi Road, nan Jos, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban jami'a ne. Kwamfutoci biyu gare ni, ta tebur ɗaya da laftof ƙirar HP, dukansu na hannu. Ƙanin mijina ne yake gyara mini su, kuma duk ranar da ɗaya ta yi nauyi ko ta ƙi tashi, maganinsa ɗaya ne: ya yi mata fomatin ya sake ɗora Windows. Bana kaɗai ya yi haka sau huɗu, kuma kowane karo sai na yi kwana biyu ba ciniki kafin a mayar da Office da CorelDRAW da direban firinta. Makonni biyu da suka wuce, babi uku na furojet ɗin wata ɗaliba suka salwanta a wajen fomatin, har yanzu ban iya haɗa ido da ita ba. Wani mai kawo mini aiki ya ce akwai ɓoyayyen sashe a cikin kwamfuta wanda idan aka danna F11 yake mayar da komai sabo. Na danna a laftof ɗin, ban ga komai ba. Shin gaskiya ne, kuma za a iya yi mini irinsa? Sannan ta yaya zan faɗa wa yaron ba tare da ya ga na raina aikinsa ba, ko maigida ya ga na ƙi ɗan'uwansa?

Mai shagon buga takardu, Jos

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mutumin da ya ba ki labarin ɓoyayyen sashe bai yi ƙarya ba, kuma za a iya yi miki irinsa a kan kwamfutocin biyu a cikin yini guda ko biyu. Sai dai ina so tun daga farko ki raba matsalarki gida biyu, domin wasiƙarki ta haɗa su wuri ɗaya. Akwai asarar kwana biyu da kike yi duk lokacin da aka sake ɗora Windows, wadda ɓoyayyen sashe zai magance ta kusan gaba ɗaya. Akwai kuma salwantar aikin mutane, wadda ɓoyayyen sashe ba zai hana ba ko kaɗan, hasali ma idan aka tsara shi da ganganci shi da kansa zai riƙa share aikin, kuma cikin sauri fiye da yadda ƙanin mijinki yake yi.

Maganar ɗalibar ce ta fi gaggawa, domin duk ranar da ta wuce tana rage damar da ta saura. Idan kwamfutar da aikin ya ɓata a kanta tana da faifan ajiya irin na da, wanda yake juyawa har ana jin ƙararsa, to fomatin na gaggawa ba ya goge rubutun da ke kan faifan, jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake kawai yake sharewa. Abin da yake kashe fayil shi ne a rubuta wani abu a gurbinsa, kuma sabuwar Windows da aka ɗora da aikin makonni biyu sun riga sun rubuta da yawa. Duk da haka akwai manhajoji irin su PhotoRec da Recuva da suke tono abin da ya rage, kuma fayil ɗin Word ƙarami ne, yana iya tsira. Ki daina aiki da wannan kwamfutar daga yau, a ciro faifan a jona shi da wata kwamfutar a bincika daga can, abin da aka samu kuma a ajiye shi a wani faifan dabam. Idan kuwa faifan SSD ne, irin na zamani marar ƙara, kada ki sa rai sosai, domin shi yakan share gurbin da aka ce masa babu kowa a ciki ba tare da jinkiri ba. Ko an samu ko ba a samu ba, ki kira yarinyar ki faɗa mata gaskiya da bakinki, ki tambaye ta ko akwai kwafin da ta taɓa turawa malaminta ta imel ko WhatsApp, ko wanda aka buga mata a takarda, sannan ki sake buga mata abin da ya ɓata kyauta kuma ki sa aikinta a gaban na kowa. A shagonki ta ajiye amanarta, don haka ke ce za ki ba da haƙuri, kuma kada ki kawo sunan mai gyara a matsayin uzuri.

Yanzu ga abin da ya sa F11 bai yi miki komai ba. Faifan ajiyar kwamfuta ana yanka shi sassa-sassa, kamar yadda ake yanka fili a fitar da ɗakuna, kuma duk sashen da ba a ba shi harafi irin C ko D ba, ba ya fitowa idan kin buɗe jerin faifai. A zamanin Windows 7, kamfanoni sukan ware babban sashe, sau da yawa giga goma ko fiye, su zuba cikakken kwafin kwamfutar kamar yadda ta fito daga masana'anta, su kuma ɗaura shi da wani madanni da ake dannawa lokacin kunnawa. Na HP shi ne F11, na Asus F9, na Acer Alt tare da F10, na Samsung F4, wasu kwamfutocin Lenovo kuma suna da ɗan maɓalli na musamman a gefe mai suna Novo. Kwamfutar hannu kafin ta iso Jos ta ratsa hannaye da yawa, kuma al'adar masu gyara ce idan za su ɗora Windows su share duk sassan da suka tarar su mayar da faifan fili ɗaya. Ina kyautata zaton tun kafin ki sayi laftof ɗin aka share na kamfanin, idan ma ya rage to ɗaya daga cikin fomatin huɗun nan ya tafi da shi.

Akwai wani ɓoyayyen sashen na biyu da mutane suke rikita shi da na farko. Shi wannan Windows ce da kanta take ƙirƙirar shi lokacin ɗorawa, ƙarami ne, yawanci daga mega 500 zuwa giga 1, kuma kayan gyara ne kawai a cikinsa, a dunƙule cikin wani fayil mai suna Winre.wim. Shi ne shuɗin allon da yake fitowa idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, ko idan aka riƙe Shift aka danna Restart. Daga nan ake samun umarnin da aka rubuta Reset this PC. Tun daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, wannan umarni yana sake gina Windows ne daga fayilolin da ke kan kwamfutar, kuma a 2020 aka ƙara masa zaɓin saukewa daga intanet, wanda yake cin data sama da giga 4. Yana iya barin takardunki idan kin zaɓi haka, amma yana cire duk manhajojin da aka ɗora daga baya. Ga mai kwamfutar gida wannan ya wadatar. Ke kuwa da Office da CorelDRAW da direban firinta su ne jarinki, zai bar ki a inda ƙanin mijinki yake barin ki, wato da Windows tsirara da aikin kwana biyu a gabanki.

Saboda haka abin da kike bukata shi ne kwafin kwamfutarki ta kanki, a ranar da take cikin ƙoshin lafiya da duk kayan aikinta a jikinta. Masu sana'ar suna ce masa hoton faifai, domin yana ɗaukar sashen C gaba ɗayansa, da Windows da manhajoji da direbobi da saituna, ya matse su cikin ƙunshi guda. Ranar da kwamfuta ta rikice sai a shimfiɗa hoton a kan C, ta koma daidai yadda take ranar da aka ɗauka. A kan yawancin kwamfutoci wannan bai kai awa guda ba, a kan SSD ma ya fi haka sauri.

Kafin a taɓa komai, ina so a amsa tambayar da ban ga alamar an yi ba a shagonki: me ya sa kwamfuta take lalacewa sau huɗu a shekara? Windows ba ta rikicewa haka kawai. Abu na farko da za a duba shi ne lafiyar faifan kansa, domin faifan da ya fara mutuwa alamominsa su ne nauyi da daskarewa da ƙin tashi, kuma bayan fomatin yakan yi kamar ya warke na wasu makonni. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da take karanta rahoton da faifan yake ajiyewa game da kansa, ta nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai gargaɗi, ja idan ya lalace. Idan kin ga rawaya ko ja, maganar ɓoyayyen sashe ta tsaya har sai an sayi sabon faifai, kuma ina ba ki shawara ya zama SSD, domin babu wani gyara da yake farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamarsa. Abu na biyu shi ne wuta. Laftof tana da batir, amma ta tebur duk lokacin da aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a kan faifai, akwai yiwuwar wani fayil ya lalace, kuma ƙaramar UPS da za ta riƙe ta minti biyar har ki kashe ta yadda ya kamata ta fi fomatin huɗu araha. Na uku shi ne filashin ɗalibai, wanda yake yawo daga shago zuwa shago yana kwasar bairos, musamman irin wanda yake ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Na huɗu, kuma wanda masu gyara ba su son a ambata, shi ne manhajojin da aka fasa da 'yan kayan da ake amfani da su wajen kunna Windows da Office ba da lasisi ba, waɗanda sau da yawa sai an kashe Windows Defender, mai tsaron Windows daga bairos, kafin su zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan aka ɗauki hoton kwamfutar da bairos ya riga ya shige ta, to an adana cutar ne a wuri mai kyau, kuma za a riƙa mayar da ita duk lokacin da aka danna madannin ceto.

Idan faifan lafiyarsa ƙalau, ga yadda nake so a yanka shi, kuma wannan yankan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. A faifai mai giga 500, a ba C kamar giga 150 don Windows da manhajoji kawai, a ware giga 50 zuwa 60 don ɓoyayyen sashen da hoton zai zauna, sauran kuma ya zama D, inda duk aikin mutane zai riƙa zama. Faɗa wa yaran shago su riƙa ajiya a D ba zai wadatar ba, domin hannu ya saba da ajiya a Desktop da Documents, waɗanda asalinsu a kan C suke. Windows ta ba da damar a sauya musu mazauni: a cikin bayanan kowace folda akwai shafin Location, inda za a nuna mata sabon wuri a kan D, ta kwashe kayanta ta koma can. A yi wa Desktop da Documents da Downloads da Pictures haka kafin a ɗauki hoton, domin saitin ya shiga cikinsa. Daga ranar, ko sau goma aka shimfiɗa hoto a kan C, furojet ɗin kowa yana nan a D. Da an yi wannan tun fomatin na farko, kuma C kaɗai aka riƙa gogewa, da babi ukun nan ba su tafi ba. Idan kuwa laftof ɗin ƙaramin SSD ne da ita, mai giga 128, kada a matsa mata da ɓoyayyen sashe, a ajiye hoton a faifan waje.

Akwai wani tarko da ya kamata mai gyaran ya sani. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna amfani da tsarin yanka faifai mai suna MBR, wanda ba ya karɓar manyan sassa fiye da huɗu, kuma Windows da kanta takan cinye biyu ko uku. Idan aka nemi ƙara na biyar, Windows takan yi tayin mayar da faifan wani nau'i mai suna dynamic, kuma amsa wannan tayin yana jawo wahalar da ba a bukata, domin manhajojin ɗaukar hoto da yawa ba sa jituwa da shi. Sabon tsarin, GPT, yana ɗaukar sassa har 128, don haka idan kwamfutar tana da UEFI, wato sabon tsarin da yake tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe, a ɗora Windows a kan GPT tun da dai za a yi sabon ɗori ne.

Jerin aikin a ranar ba shi da wuya. A kwashe duk fayilolin da ke kan kwamfutar zuwa faifan waje, ki buɗe wasu daga cikinsu da idonki ki tabbatar suna buɗuwa. A ɗora Windows daga kwafi na asali, wanda ake haɗawa da Media Creation Tool na kamfanin Microsoft a kan filashi mai giga 8 ko fiye. A ɗora direbobi, da firinta da sikana, da manhajojin aiki, da salon haruffan da kike amfani da su wajen katin biki da kalanda, a bar Windows ta gama sabunta kanta. A buɗe asusu biyu, ɗaya na mai iko da kalmar sirri a hannunki ke kaɗai, ɗaya kuma na talaka wanda za a riƙa aikin yau da kullum da shi, domin yawancin ɓarnar da bairos da yaran shago suke yi sai ta asusun mai iko take yiwuwa. Sannan a ɗauki hoton nan take, kafin filashin kowane ɗalibi ya taɓa kwamfutar.

Game da manhajar ɗaukar hoton, akwai hanyoyi da dama, kuma ba sai kin haddace su ba, amma yana da kyau ki san sunayensu don ki gane abin da ake faɗa miki. AOMEI OneKey Recovery an yi ta ne musamman don abin da kika tambaya: ita take ware sashen, ta ɗauki hoton, ta ɓoye shi, ta kuma ɗaura shi da madanni irin F11 a lokacin kunnawa. Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan, kyauta ce kuma abin dogaro ce, sai dai allonta rubutu ne zalla mai tsoratar da baƙo, shi ya sa nake fifita Rescuezilla, wadda take aiki iri ɗaya da allon da ake dannawa da linzami. Su biyun daga filashi ake tayar da su, sai a nuna musu hoton da ke ɓoyayyen sashen. A cikin Windows kanta akwai DISM, wadda ƙwararru suke ɗauka da shimfiɗa hoto da ita ta hanyar rubuta umarni. A ra'ayina, ga shago irin naki, Rescuezilla a kan filashin da aka keɓe mata ta fi kwanciyar hankali, domin madannin F11 ya dogara ne da cewa farkon faifan bai lalace ba, alhali filashi yana tashi ko da Windows ta mutu murus. Ɓoye sashen kuwa ba wani sihiri ba ne, cire masa harafi kawai ake yi a Disk Management, wurin da Windows take nuna sassan faifai. Wannan yana kare shi daga yaron da zai ga babban fayil ya share don neman wuri, amma ba ya kare shi daga mai gyaran da zai share duk sassa, ko bairos ɗin da ya samu shiga ta asusun mai iko.

Kowace kwamfuta da nata hoton. Kada a ɗauki na laftof a shimfiɗa wa ta tebur don rage aiki, domin direbobinsu dabam ne, lasisin Windows ma a ɗaure yake da jikin kowace na'ura, kuma tun daga Windows 8 kamfanoni a cikin uwar allon kwamfutar suke dasa lambar lasisin.

Daga nan sai gwaji, wanda kusan kowa yake tsallakewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar da aka ɗauki hoton, tun ba a mayar da aikin kowa ba, ki ajiye wani fayil na gwaji a Desktop, ki sa a ɗora wata ƙaramar manhaja marar amfani, sannan ke da hannunki ki shimfiɗa hoton, shi yana tsaye yana faɗa miki abin da za ki danna. Idan an gama, manhajar ta ɓace, fayil ɗin gwajin yana nan, firinta ta buga, to tsarin ya yi. Ki rubuta kowane mataki a takarda da Hausarki, musamman wurin da ake zaɓar sashen da za a shimfiɗa hoton a kai, domin nan ne kaɗai kuskure yake da tsada: wanda ya zaɓi D ko faifan gaba ɗaya a maimakon C ya share aikin shago da hannunsa. Kada kuma a fara shimfiɗawa sai batirin laftof a cike yake, ta tebur kuma tana kan janareto ko UPS, domin idan wuta ta yanke a tsakiya sai an sake daga farko.

Duk wannan da na zayyana a kan faifai ɗaya yake zaune, kuma nan ne iyakar amfaninsa. Mutanen Jos ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka, domin waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 sun san halin wanda kayansa da kuɗinsa da littafin bashinsa duk suna rumfa ɗaya. Idan faifan ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke laftof ɗin, ko wuta mai ƙarfi ta ƙona ta tebur, da C da D da ɓoyayyen sashen tare za su tafi. Don haka ki sayi faifan waje guda, a kwafa hoton kowace kwamfuta a kansa, kuma duk ranar Juma'a ko Asabar ki kwafa aikin da ke D, ki cire shi ki tafi da shi gida. Kada ya kwana a jone, domin bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa yana kama duk abin da ya tarar a jone. A lokacin furojet, da ɗalibai suke cika shago, ki mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda aka buga wa babi za a tura masa kwafi ta imel ko WhatsApp kafin ya bar shagon. Wannan ba ya cin minti ɗaya, kuma yana sauke miki rabin nauyin amanar.

Hoton yana tsufa. Wanda aka ɗauka yau, idan aka shimfiɗa shi bayan shekara, zai dawo da Windows ta bara, wadda za ta zauna tana sauke sabuntawa da datarki. Bayan kowane wata uku ko huɗu, ko duk lokacin da aka sayi sabuwar firinta, a shimfiɗa tsohon hoton, a sabunta shi, a ɗauki sabo, kuma kada a share tsohon sai an gwada sabon. A nan ma ya kamata ki san cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kamar yadda ta daina wa Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke jikin na'urar, da ram giga 4 da faifai giga 64, kuma a kwamfutocin Intel yawanci sai mai furosesa ƙarni na takwas, wato 8th Gen, zuwa sama. Idan naki sun cika sharuɗɗan, a ɗora ta tun yanzu a ɗauki hoton a kanta, don kada a yi aiki biyu. Idan an ɗora ta kuma aka shiga da asusun Microsoft, tana iya kulle faifan da BitLocker ba tare da ta yi shela ba, kuma mabuɗin cetonsa lambobi 48 ne. A duba, idan a kulle yake a buga mabuɗin a takarda ki ajiye a gida, domin ranar da ta tambaye shi babu mai gyaran da zai iya tsallake shi. Ƙaramin sashen nan na Windows kuma a bar shi yadda yake, kada a matse shi don neman wuri. A Janairun 2024 wata sabuntawar Windows 10 ta riƙa ƙin zama a kwamfutoci masu yawa saboda tana bukatar sarari mega 250 a wannan sashen. Mai gyara zai iya duba ko sashen yana aiki da umarnin reagentc /info.

Saura ƙanin mijinki. Ban ga mugunta a abin da kika faɗa game da shi ba, na ga yaron da ya koyi gyara a inda fomatin ne maganin kowace cuta, kuma a shagon gyara hakan yana da dalili, domin ya fi bincike sauri kuma kwamfuta takan fita tana gudu. Laifinsa na gaske guda ne, ya share faifai bai kwashe abin da ke kai ba, kuma ina zaton ya san haka ya kuma ji kunya ko da bai furta ba. Kada ki fara da wannan. Ƙanin miji abokin wasa ne, kina da hanyar magana da shi da yayansa ma ba shi da ita. Ki kira shi a ranar da babu abin da ya lalace, ki ce kin ji labarin wani tsari da manyan ofisoshi suke amfani da shi, kina so shi ya kafa miki, ki ba shi wannan amsar ya karanta. Ki yanka masa ladan aikin kamar yadda za ki biya bare, domin gyaran kyauta shi ne yake hana mutum faɗin abin da bai gamsu da shi ba, kuma ina zargin hakan na cikin abin da ya rufe miki baki har sau huɗu. Wanda ya iya wannan aikin ya ƙara sana'a, domin duk shagunan da ke layinki da makarantun da suke da ɗakin kwamfuta suna da irin matsalarki.

Maigida kuma ki sanar da shi kafin ki yi magana da ƙaninsa, a taƙaice, cewa aikin wata ɗaliba ya ɓata, kina so a kafa tsarin da hakan ba zai sake faruwa ba, kuma ƙaninsa kike so ya yi. Idan ya ji daga bakinki da farko, babu wanda zai kai masa labarin a karkace. Sharaɗi ɗaya ne nake so ki kafa a gaban su biyun, kuma ki kafa shi a kan kowa har da ke kanki: ba a yi wa kowace kwamfuta fomatin ko shimfiɗa hoto sai kina wurin, kuma sai an kwafa D zuwa faifan waje a ranar. Idan ya karɓa ya zauna ya koya, ki riƙe shi. Idan ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, ki bar masa gyaran firinta da jona wayoyi, ki kai kwamfutocin wurin wani ya kafa miki tsarin sau ɗaya, tun da bayan an kafa shi takardar matakan da ke hannunki ta ishe ki. Faifan da aikin ɗalibar yake kai dai kada ya shiga wannan sabon ɗorin sai an gama bincikensa, ko da hakan zai sa ki yi mako guda da kwamfuta ɗaya.